Kurakuran da sabbin direbobin tirela suka ƙi dainawa

Satin da ya wuce na tsaya shan shayi a Mararrabar Jos, sai na ji wani yaro da bai fi wata shida da karɓar makulli ba yana ba abokansa labari yana ƙyaƙyata dariya, wai ya saki mota a firi, wato ya zare giya, a wata gangara da lodin siminti, ta yi ta gudu da kanta kamar jirgi, wai ya ceci gas. Ban ce masa komai ba a wurin, don in ka yi wa yaron yanzu faɗa a gaban mutane ka yi asarar maganarka. Amma wallahi shayin nan bai shiga ba. Shekarata kusan 30 a harkar nan, na yi yaron mota, na yi direba, yanzu ƙafa ta gaji ina kula da motocin wani bawan Allah, kuma kuskuren da na gani ina yaro shi nake gani har yau, mutanen ne kawai suke canjawa. Shi ya sa na ce bari in rubuta ko wani zai karanta a waya yana jiran lodi.

Da firin zan fara, don shi ya kusa kai ni lahira.

Kullum in tirela ta faɗa kan mutane za ka ji an ce birki ne ya tsinke, a jarida haka, a rediyo haka, direban ma in ya rayu haka zai ce. To ni dai a abin da na gani, cikin goma da ƙyar ka samu biyu da birki ya tsinke don kansa, sauran mu muka kashe shi da ƙafarmu. Lokacin da abin ya same ni na ɗauko masara buhu 300 daga Mangu zan kai Kudu, na baro Jos da yamma, na zo Hawan Kibo. Duk wanda ya san hanyar Jos zuwa Akwanga ya san wurin, gangara ce doguwa mai kwana kan kwana, ba wurin wasa ba ne. Ni kuma lokacin jini na tafasa, maigida yana auna mana gas a lissafe, abin da ka rage naka ne ka sayar. Sai na zare giya na bar ta a firi, na ce ai ina da birki. Kwanar farko na taka ta ji. Ta biyu ta ji. Kafin ta huɗu sai wari ya fara shigowa, warin lainin birki da ya ƙone, wanda ya taɓa jin sa ba ya mantawa. Na taka, ƙafata ta tafi ƙasa motar ba ta ko gezau ba, na kalli geji allura tana sauka, na nemi in mayar da giya ta ƙi shiga sai gurnani take. Yaron motata yana salati ni ma ina yi. Abin da ya rage min shi ne in goga ta a jikin dutse ta gefen da babu rami, haka na yi, ta yi ta ci har ta kwanta. Masara ta watse a titi, kan mota ya tashi daga aiki, yaron nan ƙafarsa ta dama har yau da ɗingishi yake tafiya, yana da 'ya'ya yanzu, duk sallah in ya zo gaishe ni sai na rasa inda zan sa idona. Duk a kan gas ɗin da bai cika jarka ɗaya ba.

Bari in faɗa muku abin da ke faruwa a ƙarƙashin mota, tunda da yawanku kun koyi juya sitiyari ne kawai. Birkin tirela da iska yake aiki, kwamfireso ke tara iskar a tanki, shi kuma kwamfireso inji ke juya shi. In ka sa firi inji ya koma silo, wato yana juyawa a hankali, iskar da yake tarawa ta ragu, kai kuma kana ta taka-saki taka-saki kana zubar da ita, kowane taku da abin da yake ci. Wannan ɗaya. Na biyu kuma wanda ya fi muni, nauyin tan 30 da na motar kanta duk ka ɗora a kan lainin da diram, wato ƙarfen cikin taya da lainin ke kamawa. Diram in ya yi zafi buɗewa yake, ya yi nesa da lainin, lainin kuma ya yi santsi kamar gilashi, sai ka ga iska ma akwai amma babu kamu. Giya kuma ba za ta koma ba tunda gudun taya ya riga ya wuce na inji. Abin haushin ma, wai ceton gas. Mota in tana gangara a cikin giya ƙafarka ba ta kan totur, inji kusan ba ya shan komai, nauyin ne ke juya shi. A firi kuwa dole ya sha don kar ya mutu. Kaga kenan ba riba, sai ganganci zalla.

Ni abin da na koma yi tun daga ranar, kuma da shi nake kora yara in sun ƙi: kafin gangara ka tsaya tun a sama. Ka sauko ka zaga motar, ka duba iska ta cika. Ka zaɓi giyar da za ka sauka da ita tun kana kan tudu, giyar da za ta iya hawa wurin da wannan lodin, ni har in ƙara sauko da ɗaya ƙasa da ita, wasu tsofaffin sun ce na cika tsoro, na yarda. Ka kunna birkin inji, in motarka mai ritada ce, na'urar nan da ke rage gudu ba sai ka taka birki ba, ka yi amfani da ita, an saka ta ne don wannan ranar ba don ado ba. In gudu ya ɗan haura ka taka birki sosai sau ɗaya ka rage shi, ka ɗauke ƙafa ya huce, kar ka kwantar da ƙafa a kai kana jan sa har ƙasa. Masu ƙananan motoci za su yi ta hon a bayanka suna zagin uwarka, bar su, ba su za su je gidan maigida ba da labari ba. Wannan dokar ita ce a Hawan Kibo, ita ce a gangaren da ke tsakanin Akwanga da Lafiya, ita ce a Ugwu Onyeama in za ka shiga Enugu, ita ce a duwatsun Okene. Abu ɗaya da zan ja kunne, in babu kaya a bayanka kuma ana ruwa, yi hankali da ritada, tana iya sa bodi, wato bayan da ke ɗaukar kaya, ya zagayo ya same ka a kan motar. Kuma in ka sauko diram na hayaƙi kar ka bari yaro ya watsa masa ruwa, tsagewa yake.

Tunda muna kan birki. Tankin iska yana tara ruwa, a zubar da shi kullum da safe, ja zaren ko ka buɗe bawul ɗin, minti ɗaya ne. In ka ga baƙin mai na fitowa tare da ruwan to kwamfireso ya fara ciwo, gaya wa bakanike. Kafin ka tashi ka cika iska, ka kashe inji, ka danne birki minti guda kana kallon geji, in allura tana tafiya akwai inda yake yoyo, nemo shi. Sai mugun halin nan na toshe layin iskar taya ɗaya in ya fara yoyo, a lanƙwasa tiyo a ɗaure da waya wai sai an isa Legas a gyara. Ba a taɓa gyarawa. Na taɓa karɓar wata mota na leƙa ƙasa na tarar aksil biyu cikin uku na bodi babu birki kwata-kwata, kuma direban da ya sauka daga kanta wata huɗu yana yawo da ita haka.

Na biyu da ya ci ni shi ne barci, kuma a nan zan yi faɗa sosai, wanda zai ji haushi ya ji.

Lodin shanu ne daga Potiskum zuwa Legas. Duk wanda ya ja shanu ya san matsin da ke ciki, masu dabba suna saman bodi suna buga maka ƙarfe, in ka tsaya sun ce shanu za su galabaita, in saniya ta kwanta wasu su tattake ta a kanka za a ɗora. Na kwana biyu ban runtsa ba sai goro da shayi mai kauri da nes, ban sha ƙwaya ba, Allah ya tsare ni da wannan, amma sakamakon ɗaya ne. Tsakanin Mokwa da Jebba wajen ƙarfe uku na dare, ni dai na san ina kallon titi, ina ma jin rediyo, sai kawai na ga bayan wata mota ya cika min gilashi. Ta lalace ne an bar ta rabi a kan kwalta, ba fitila ba alama, sai 'yan ganye da aka yayyafa taku biyar a bayanta. Na karya sitiyari amma gefen yaro ya ci, Allah ya sa yana kwance a gadon baya. Haƙarƙarina uku suka karye, shanu bakwai aka yanka a wurin, wata tara ina zaune babu wanda ya yarda ya ba ni mota, matata ce ke ciyar da mu da kuɗin ƙosai. In ka tambaye ni zan rantse ban yi barci ba, kuma abin da ke kashe mu kenan, gyangyaɗi ba ya sallama. Yi lissafi da kanka, a gudun kilomita 60 mota tana cin kusan mita 17 duk daƙiƙa ɗaya. Ido ya rufe daƙiƙa uku, ka yi mita 50 babu kowa a kan sitiyari.

Ku kuma na yanzu kun ƙara da tiramol da sauran tarkace, da wannan lemon gwangwani na ƙara kuzari, wai suna hana barci. Ƙarya kuke. Ido ne kawai yake buɗe, kan ya riga ya tafi. Na zauna gefen yaro da ya sha, yana tuƙi yana ganin mutane a titi inda babu kowa, yana kauce musu. Kai da ke jan abin da zai iya share kasuwa guda, ka sha abin da ko akuya ba za a ba ka kiwo ba in ka sha, sannan in an yi magana ka ce ƙaddara. Ƙaddara gaskiya ce, amma ka ɗaure raƙuminka tukuna. Motocin DAF ɗin nan da muke saye na hannu daga Turai, ku duba gaban direba za ku ga wani agogo mai cin kati ko faifai, takograf sunansa, mu nan mun mai da shi wurin ajiye rasit. Can aikinsa ƙirga awannin direba, in ka yi awa 4 da rabi dole ka huta minti 45, a rana kuma awa 9 ne ƙa'ida. Mutanen da suka ƙera motar kenan, a kan titin da babu rami. Ni ban ce za mu iya bin wannan daidai ba, ga matsalar tsaro, akwai dazukan da ba ka isa ka tsaya ba, wanda ya bi Birnin Gwari ya sani. Amma tsarina shi ne tun kafin in tashi na san inda zan kwana, Tafa ce ko Mararraba ko Mokwa ko Ogbomosho, kuma daga ɗaya na dare zuwa kiran assalatu ba na tuƙi, ko uban wa ke da kayan. In hamma ta zo sau uku a jere ko na kasa tuna garin da na wuce yanzu, na nemi wuri mai mutane na kwanta ko rabin awa ne. Na rasa kwastomomi a kan haka, masu tumatir musamman, ban damu ba. Kuma don Allah ku daina miƙa wa yaron mota sitiyari da dare don ku ɗan rintsa, shi ma bai yi barcin ba, kuma ba shi da lasin. Lasin ɗin tirela aji G ne, ba wanda ka yi na tasi da shi ba.

Shi kuma wanda ya bar motar can a titi, laifinsa bai gaza nawa ba. Ganye ba alama ba ce da dare, babu mai ganin sa. Alamar nan mai kusurwa uku mai ƙyalli nawa take? Ka sayi biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, ka kai ta nesa sosai, ni taku ɗari nake ƙirgawa, in kwana ce ka kai ta kafin kwanar. Ka manna tef mai ƙyalli a bayan bodi da gefe, ka sa yaro ya riƙa goge shi da fitilun baya duk inda kuka tsaya don ƙura na rufe su. Ka sa weji a taya, na katako mai kyau, ba dutsen da za ku tafi ku bari a titi mai babur ya zo ya hau ba. In abin ya fi ƙarfinka kira 122, lambar 'yan rod sefti ce.

Sauran zan bi su da sauri.

Taya tana da ranar haihuwa, lambobi huɗu ne a gefenta, in ka ga 2319 to satin 23 na 2019 aka yi ta, hukumar FRSC ta 'yan rod sefti kuma shekara 4 take lissafa wa taya. 'Yar Beljiyam mai kyan zane tana iya zama tsohuwa tukuf. In dole sai ka saka ta, ni dai ban yarda a sa ta a gaba ba, tayar gaba in ta fashe da lodi babu gwaninta. Awon iska da sanyin safiya ake yi da geji, buga ta da ƙarfe sai dai ya gaya maka ta sace gaba ɗaya. Kar ka rage iska don taya ta yi zafi da rana. Bayan mai faci ya canja maka taya, ka yi tafiya kaɗan ka tsaya ka sake ɗaure noti, in ka ga tsatsa ta yi layi daga jikin noti to ya saki. Duk tsayawa ka kai bayan hannu kusa da hob, wato tsakiyar taya, wanda ya fi 'yan uwansa zafi boris ne ke ci, gobarar tirela da yawa daga nan take tashi. Abin kashe gobara kuma a duba allurarsa, ba a ajiye fanko don nuna wa VIO ba.

In ka haɗa kan mota da bodi kar ka yarda da ƙarar da ka ji, sauko da tocila ka leƙa ka ga ya kulle, sannan ka ja kaɗan da birkin bodi a ɗaure.

Masu ɗaukar kwantena daga Apapa da Tin Can, makullan nan huɗu na kusurwa a murɗa su duka, in sun lalace a gyara, sarƙa ɗaya ba ta riƙe kwantena. A Janairun 2023 kwantena ta faɗo kan bas a gadar Ojuelegba ta kashe mutum 9, kuma ba shi ne karon farko a wannan gadar ba.

Obalodi kowa ya san shi, kowa na yi, ba zan ɓata bakina ba, illa in ce kuɗin buhu 50 ɗin da ka ƙara a sifirin da taya za ka biya shi. Amma ɗaukar fasinja a saman kaya, wannan kam ku ji tsoron Allah. Ka loda buhu har sama, ka ɗora mutum 40 a kai, ko ka haɗa su da shanu da babura, mota ta yi tsayi nauyi ya koma sama, kwana kaɗan ta kwanta, kuma wanda ke sama ba shi da abin kamawa. A Satumbar 2024 a yankin Agaie ta jihar Neja tanka ta yi karo da motar da ta ɗauko mutane da shanu, sama da mutum 40 suka ƙone. Na san talauci ne ke sa mutane hawa, na san kuɗin ya fi alawus ɗinka, ni ma na ɗauka a da. Na daina ne ranar da na taya jera gawa a bakin titi.

Gudu. Dokar hanya ta ba tirela da tanka 60 a babban titi mai raba hannu, 50 a sauran manyan hanyoyi, 45 a cikin gari. Tun Fabrairun 2017 aka fara kama motocin haya da ba su da na'urar taƙaita gudu, ku kuma kuna biyan mai wayarin ya cire muku. Wanda na kama ya taɓa ta a motocin da nake kula da su, a ranar zai ajiye makulli. Waya kuma, yanzu har bidiyo kuke yi kuna tuƙi kuna sawa a TikTok, ina gani ai. Abatekin a kan tudu ko kwana, tirela biyu a jere kamar ana sukuwar sallah, ban san me zan ce ba. In za ka yi ribas yaro ya sauka ya tsaya inda kake ganin sa a madubi, in ya ɓace maka ka tsaya cak.

'Yan uwana na tanka, ni ban daɗe a tanka ba, shekara biyu na yi na gudu, amma na san mai yana motsi a ciki, wadda ba ta cika ba ta fi cikakkiya haɗari a kwana da wajen birki, don ka tsaya shi bai tsaya ba sai ya turo ka. Ku duba murafun sama da bawul kafin ku bar defo, in murfi na kamawa da kyau ko ta faɗi man ba zai kwarara kamar rafi ba. Abin da ya faru a Majiya ta jihar Jigawa a Oktoban 2024, sama da mutum 150, da na mahaɗar Dikko a Janairun 2025, sama da 80, yawancinsu ba karo ne ya kashe su ba, ɗibar mai suka zo yi. Bayan na Dikko ne gwamnati ta hana tanka mai lita 60,000 lodi daga 1 ga Maris 2025. In Allah ya kawo tsautsayi taka ta faɗi kuma ka fito da ranka, kashe inji, cire makullin batir in za ka iya, kar ka tsaya gadin mai ko kiran maigida, ka nemi mai unguwa ko limami ko duk wanda ake jin maganarsa a kore mutane nesa, a hana janareto da babur da sigari matsowa, sannan ka kira 'yan kwana-kwana.

Yaron can na Mararraba kuwa na bi shi har wajen motarsa bayan abokan sun watse, na ce ɗan samari ja min zaren tankin iskarka in gani. Ya ce wane zare, Baba? Na durƙusa da wannan gwiwar tawa na ja masa, ruwa ya yi ta zuba baƙi ƙirin har ya jiƙa masa silifa. Na karɓi lambarsa, na ce in ya iso saman Hawan Kibo ya kira ni kafin ya fara sauka. Jiya da la'asar ya kira, wai yana giya ta uku kuma wani mai Sharon yana ta zaginsa a baya.